Wagadugu: Yadda Hanyar Kekuna Ke Komawa Hanyar Ruwa

Duk baƙon da ya sauka Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, abin da zai fara tare masa ido shi ne yawan masu ƙafa biyu. Idan wutar kan hanya ta nuna ja da misalin ƙarfe 7 na safe, sai ka ga kekuna da babura sun yi cincirindo kamar garken da ke jiran a buɗe masa rijiya: ga ma'aikaci da jakarsa, ga ɗan makaranta, ga mace da goyo a baya da kwandon tumatir a kan keke, tana murza feda ko a jikinta. Birnin yana da mutane miliyan 2 da dubu 400 bisa ƙidayar shekarar 2019, kuma mafi yawansu a kan ƙafa biyu suke fita neman abinci. Ƙasar ma tana da gasar tseren kekuna da ta yi suna a Afirka, wato «Tour du Faso», wadda aka fara tun 1987.

Saboda haka ne a gefen wasu manyan titunan birnin aka ware wata ƴar siririyar hanya, wadda da Faransanci ake kira «piste cyclable», aka raba ta da hanyar motoci da ɗan dakalin siminti. Mai karatu da ya san babban titin nan da ya ratsa ta gaban jami'ar Joseph Ki-Zerbo, wanda a da ake kira Charles de Gaulle kafin a mayar da shi titin Thomas Sankara a watan Oktoba 2023, ya san irin hanyar da nake nufi. Doka ta ce a inda aka yi ta, nan mai keke da mai ƙaramin babur za su bi, kuma ɗan sanda yana iya tare wanda ya bar ta ya hau ta motoci. Tunani ne mai kyau, ni ma ranar da na fara ganinta sai da na yi wa ƙasarmu kwaɗayin irinta. To amma kwana uku kawai na yi a garin na gane cewa ware hanya daban ne, riƙe ta kuma daban.

A watan Agusta 2018 ne, na je wani horo na ma'aikatan rediyo. Mai masaukina ya ara mini keken ƙanensa domin in huta da kuɗin taksi. Ran nan an kwana ana ruwa, da safe gari ya waye tas, kwaltar motoci ta bushe har tana ƙyalli. Hanyarmu ta kekuna kuwa, a wata unguwa da ke gabashin gari, ta zama doguwar korama mai launin kunun kanwa. Na ga na gabana suna kutsawa, ni ma na bi sahu. Ban yi mita 50 ba tayar gaba ta faɗa wani rami da ruwa ya rufe, na tashi sama na dawo a kan kafaɗa, na'urar ɗaukar magana ta gidan rediyonmu ta nutse cikin taɓo. Wani mai faci da ke zaune ƙarƙashin dogon yaro ne ya tsamo ni, ya miƙe mini gargaren keken, ya kuma shaida mini cewa ni ne na uku da ya faɗa wannan rami tun asuba. Kafaɗar ta warke cikin mako biyu. Na'urar kuwa sai da aka yi wata huɗu ana cire kuɗinta daga albashina.

Dalilin da ya sa ruwan ke zaɓen wannan hanya

Ba tsautsayi ba ne kawai, haka aka gina titin. Kowace kwalta ana yi mata ɗan tudu a tsakiya, ta riƙa gangarawa gefe da kamar santimita 2 zuwa 2 da rabi a kowace mita, domin kada ruwa ya kwanta inda motoci ke gudu. Ke nan duk ɗigon da ya faɗo a kan hanyar motoci, gefe ya nufa. A gefen kuwa wa ke nan? Mai keke. Bayansa ne ake samun magudanar ruwa, wato kanibo kamar yadda muka saba faɗa. Ruwan hanyar mai mota dole ya ratsa ta kan hanyar mai keke kafin ya kai inda aka tanadar masa.

Bari mu yi ɗan lissafi irin na ƴan makaranta. Idan ma'aikatar hasashen yanayi ta ce an samu ruwa milimita 1, ma'anarsa lita 1 ta zuba a kan kowane fili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi. Mu ɗauki titi mai faɗin mita 14 da tsawon kilomita 1, a yi masa ruwa milimita 50, abin da ba baƙo ba ne a cikin malka. Lita dubu 700 ke nan, wato tano 3.500 na lita 200, kuma wannan ruwan kwaltar kaɗai ne, ba a sa na indararon gidaje da na lungunan da ke kwararowa bakin titi ba. Duk wannan ruwa ta ƴan ƙananan kafofin da aka bari a jikin dakali zai wuce, kafofin da wani lokaci faɗinsu bai fi tafin hannu biyu ba. Leda ɗaya da rairayi cikin kwano biyu sun isa su toshe kafa guda. Idan suka toshe, dakalin da aka gina domin ya kare mai keke daga mota sai ya koma madatsa, hanyar ta zama kwami mai tsawon kilomita.

Sannan ga yanayin garin. Wagadugu shimfiɗaɗɗe ne, ba shi da gangare sosai, ruwa ba ya sauri a cikinsa. Manyan magudanun da ke kwashe shi, irin su na Mogho Naaba da na Zogona da na Wemtenga, suna kai shi ne wajen madatsun ruwan nan guda 3 da kurmin Bangr-Weoogo da ke arewacin tsakiyar gari. Ruwan da ba ya gudu kuwa ba ya iya ɗaukar kayansa. Duk rairayin da ya kwaso daga lungunan da ba su da kwalta, a cikin kanibo yake sauke shi. Shekara guda in ba a yashe ba, rabin zurfin ya tafi.

Daga nan sai lalacewa ta fara, kuma a hankali take yi. Kwalta ba ƙarfe ba ce, fata ce kawai da aka shimfiɗa a kan jar ƙasa da tsakuwa da aka daddaɓe. Muddin ƙasan a bushe take, tana ɗaukar nauyi. To sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ruwan da ya kwana biyu a wuri ɗaya zai bi ƴar tsaga ya sauka, ƙasan ta jiƙe ta yi laushi, fatar ta lotsa ta fashe. Ramin da ya fara kamar bakin ludayi a watan Yuni, kafin Satumba ya kai faɗin faranti. Abin da ya ƙara dagula lamarin, ita hanyar kekuna ba a saba yi mata kauri irin na hanyar motoci ba, tunda an ɗauka kaya marar nauyi ne zai bi ta. Amma je ka gani da idonka: nan mai gingimari ke hawa ya sauke siminti a bakin kanti, nan ake jibge yashi da bulo idan ana gini, nan mai gyaran babur ke zubar da baƙin mai, shi kuwa mai yana narkar da kwalta. Haka kuma bututun ruwan famfo da wayoyin lantarki da na sadarwa galibi ta gefen titi ake binne su. A fasa hanya a sa bututu, a mayar da ƙasa da shebur ba tare da an daddaɓe ba, a tafi. Ruwan farko ya zo wurin ya zauna, ya bar kwari a gicciye.

Mai mota yana iya raina waɗannan abubuwa, domin tayarsa ta kai faɗin tafin hannu biyu, kuma guda huɗu gare shi. Tayar keke kuwa ba ta wuce yatsu biyu ko uku ba. Rairayin da mota za ta taka ba ta ji ba, shi ne ke kwashe tayar gaban keke. Birkin keke na roba idan ya jiƙe ba ya kamawa nan take. Mafi muni shi ne murfin kanibo: faifan simintin da aka rufe magudana da shi idan ya karye ko aka ɗauke shi, ruwa kuma ya shafe wurin, babu mai iya bambanta hanya da rami mai zurfin ƙugu.

Masu shara suna yi, amma...

Kada mai karatu ya ɗauka mutanen Wagadugu sun naɗe hannu ne. Tun 1995, zamanin magajin gari Simon Compaoré, aka kafa ƙungiyar mata masu sharar titi da ake kira «Brigade verte», masu koren tufafi, waɗanda yawansu ya haura dubu. Tun kafin gari ya waye suke fitowa da tsintsiya, kuma duk wanda ya san birnin ya san aikinsu ya canza masa fuska. Ƙasar ta kuma kafa dokar hana ledar da ba ta ruɓewa a 2014, shekarar da mu ma Nijar muka kafa tamu. Sai dai kowa ya ga yadda leda ta ci gaba da yawo a garuruwan ƙasashen biyu bayan dokokin.

Amma tsintsiya tana da iyaka. Tana kwashe abin da ke sama, ba ta shiga ƙarƙashin faifan siminti. Yasar kanibo aiki ne na shebur da baro da motar kwasa, kuma a nan ne na ga wani abu da mu ma muka san shi sarai a gida. Za a sa samari su yashe magudana, su fito da baƙar laka su tara ta tsibi-tsibi a bakin ramin, wato a kan hanyar kekuna, da niyyar mota za ta zo ta kwashe. Motar ba ta zo ba sai bayan mako biyu, ko kuma ba ta zo ba sam. Kafin nan mai keke ya rasa rabin hanyarsa, sannan hadari ya taso ya mayar da lakar inda aka ciro ta. An biya kuɗin aiki, an yi gumi, an ɗauki hoto, magudana kuma tana nan yadda take. Wani lokacin ma sai ruwa ya sauka ake tunawa da yasar, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin watan Afrilu da Mayu ne.

Mutanen birnin sun ga iyakar abin ranar Talata 1 ga watan Satumba 2009, lokacin da aka yi ruwa milimita 263 cikin yini guda, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da suke samu a shekara. Bisa lissafinmu na ɗazu, kowane taku na ƙasar garin ya sha fiye da tano guda. Mutane wajen dubu 150 suka rasa matsuguni, ruwa ya shiga babban asibitin Yalgado Ouédraogo har sai da aka kwashe majinyata, ya kuma lalata finafinai a ma'ajiyar FESPACO. A daidai wannan lokaci ne korin Telwa ya ɓalle ya afka wa Agadas. Gaskiya ne babu magudanar da za ta iya shanye ruwa irin na ran nan, ko da an wanke ta da sabulu. Amma irin wannan ruwa ba kullum ake yinsa ba. Abin da ke kashe hanyar kekuna shi ne ruwan yau da gobe, na milimita 20 ko 30, wanda kanibo mai tsabta zai haɗiye cikin rabin awa.

Kuma idan hanyar ta mutu, ba gida mai keke ke komawa ba. Dole ya je aiki, dole yarinya ta je makaranta. Sai su tsallaka dakali su hau hanyar motoci, su shiga tsakanin taksi da tanka, a daidai ranar da kwalta ke da santsi kuma direba ba ya gani sosai. Ke nan a ranar da aka fi bukatar kariyar, a ranar ce babu ita. A watan Mayu 2019, bayan manyan motoci sun yi ta take masu ƙafa biyu har da ƴan makaranta, sai da hukumar birnin ta hana su yawo cikin gari in ba da dare ba. Matakin ya dace. Sai dai ni a ganina, raba gingimari da keke ta hanyar agogo bai kai raba su da hanya mai kyau ba, tunda ba gingimari kaɗai ke kisa ba.

Gemun ɗan'uwa

Me ya kai mu dogon zance a kan titunan maƙwabta? Domin gemun ɗan'uwa ne ya kama wuta. Mu a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, a mafi yawan titunanmu mai keke ba shi da wata hanya tasa. Gefen kwalta shi ne rabonsa, shi da mai amalanken jaki da mai tura ruwa da ɗan kabu-kabu. Wannan gefen kuwa duk abin da na lissafa a sama yana samunsa. Ni da keke na yi karatun sakandare a Maraɗi, kuma na san yadda rairayi ke cin kwalta daga gefe bayan kowane ruwa, har titi mai ɗaukar mota biyu ya koma na mota ɗaya da rabi. Rabin da ya ɓata, namu ne.

Maraɗi ma ba sai an ba ta labarin ruwa ba. Ambaliyar 1945 ce ta tashi tsohon garin daga cikin fadamar Gulbi ya hau tudu. Bambancinmu da Wagadugu shi ne su ruwansu kwanciya yake, namu kuwa gudu yake daga tudu zuwa Gulbi, yana zaizaye gindin kwalta yana barin ta a rataye. Ranar Juma'a 30 ga watan Agusta 2024, ruwa wajen milimita 150 ya zuba a garin cikin ɗan lokaci, mutane aƙalla 15 suka rasu. A shekarar ne ma aka ɗage komawa makarantu a faɗin ƙasa zuwa 28 ga Oktoba saboda ambaliya.

Mun kuma ga zamanin bukukuwan 18 ga Disamba da ake zagayawa da su jiha-jiha: Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018. An shimfiɗa tituna, an kafa fitilu, garuruwa sun yi kyau, babu mai musun wannan. Tambayar da ba mu cika yi ba a lokacin, har da mu ƴan jarida, ita ce: wa zai yashe magudanun nan shekara mai zuwa, kuma da wane kuɗi? Sabon titi yana da mai ba da rance, yana da ɗan kwangila, yana da ranar yanke kyalle da makaɗa. Yasar kanibo ba ta da ko ɗaya. Tana wuyan ma'aikatun magajin gari, waɗanda tun watan Afrilu 2024 kantomomi ke riƙe da su, kuma kowa ya san aljihun waɗannan ma'aikatu bai taɓa cika ba, ko a zamanin zaɓaɓɓu ko a yanzu.

Akan kawo misalin ƙasar Holan idan ana zancen kekuna, inda yawan kekuna ya fi yawan mutane, ga shi kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar yana ƙasa da teku. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, tun ƙarni na 13 suke da hukumomi na musamman da ba su da wani aiki sai kula da ruwa da magudanu, masu karɓar harajinsu da kansu, ba sa jiran ragowar kasafin wani. Ba mu da arzikinsu, kuma ba na cewa mu kwaikwaye su ido rufe. Amma ware wa gyara asusunsa da ba a taɓawa ba sai mai arziki ba. Haka nan wasu gyare-gyaren tun ran gini ake yinsu, kuma ba su da tsada: a ɗaga hanyar kekuna ta ɗara ta motoci tsawo da ƴan santimita, a sa magudanar tsakaninsu maimakon bayan mai keke, a faɗaɗa kafofin dakali, a yi murfin da mutum biyu za su iya ɗagawa su yashe su mayar. Idan an fasa titi domin bututu, wanda ya fasa ya ajiye kuɗin jingina, kada a mayar masa sai damana ta wuce an ga wurin bai zauna ba.

Mu ma jama'ar gari da namu laifin. Matar da ke jiran hadari ya haɗu ta juye kwandon shara cikin kanibo wai ruwa ya tafi da shi, da mai kantin da ya toshe magudana da siminti domin motarsa ta samu wurin hawa, ba daga wata ƙasa aka kawo su ba.

Na sake komawa Wagadugu a ƙarshen watan Fabrairu 2025 domin bikin FESPACO karo na 29. Rani ne, babu ko ɗigon ruwa, kuma na tarar ana ta aikin shimfiɗa duwatsun siminti a wasu unguwanni ƙarƙashin shirin «Faso Mêbo», inda jama'a ke kai gudummawar siminti da yashi da ƙarfin jikinsu. Wata safiya na nemi keke na nufi inda na faɗi shekaru shida da rabi da suka wuce. An cike ramin, facin kwaltar ya fi sauran wurin baƙi. Amma tun daga nesa rairayin da damanar bara ta bari yana nan kwance a gindin dakali, iskar hunturu ta ƙara masa, ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗin hanyar, masu kekuna suna bin sauran a layi ɗaya kamar tururuwa.

Wuri ɗaya ne kawai na ga kwaltar fes, kamar mita 20, daidai gaban dogon yaron nan. Mai facin yana nan, gemunsa ya fara fari, bai gane ni ba sai da na nuna masa kafaɗa. A jingine da bishiyar akwai wani guntun shebur da sandar ƙarfe mai lanƙwasa a baki. Da su yake zaƙulo leda da rairayi daga kafofi huɗun da ke gabansa, duk ranar Lahadi da kuma duk lokacin da ya ga gabas ta yi baƙi. Na tsokane shi da cewa ai yana rage wa kansa ciniki, tunda ramin ne ke kawo masa masu gargare a lanƙwashe. Ya yi dariya, ya nuna mini wata yarinya mai kayan makaranta da ke tahowa a kan keke daga ƙarshen layin, ya ce ƴarsa ce, kuma ta nan take bi sau huɗu a rana.